Rakiya da Kumbon Kwali: Shekara Goma Sha Ɗaya da Rasuwarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matata, Malama Rakiya. A irin wannan watan Allah ya karɓi abarsa, da hantsi, ana tsakiyar damina. A shekarun farko idan lokacin ya zagayo wayata ba ta hutawa. 'Yan'uwa da abokan aikinta sukan kira mu yi mata addu'a. Bana 'yarmu Nana ce ta kira daga Abuja, sai wata ƙanwar marigayiyar. Ban ga laifin kowa ba. Kowa da nasa mamacin.

Ranar ta'aziyya an yi ta ambaton haƙurinta da kyautarta da yadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da babu wanda ya faɗa, watakila don ba a ga ya dace da zaman makoki ba: Rakiya mace ce da ta shafe zaman aurenmu tana gardama da akwatin talabijin. Wannan ɓangaren nata nake so in ba masu karatu labari, domin shi ne na fi kewa, kuma ba ni da wanda zan yi hirarsa da shi.

Lokacin da muka yi aure ina ƙaramin ma'aikacin safiyo, wato awon fili, muna zaune a wani sashe na gidan gadonmu da ke Ƙofar Wambai a garin Bauchi, inda nake har yau. Da na sayi bidiyo, ni finafinan Indiya da na faɗan Canis ne suka kai ni. Akwai wani shagon hayar kaset a unguwar Gwallaga, ranar Asabar nakan biya in ɗauko guda biyu, ɗaya nawa ɗaya nata. Nata kullum iri ɗaya ne: na kumbo da 'yan sama jannati da mutum-mutumi mai magana da halittun wasu duniyoyi. Ita ta raɗa musu suna finafinan gobe, don a cewarta su kaɗai ne ke da ƙarfin halin cewa ga yadda duniya za ta zama. Matan gidanmu sun yi ta tsokanarta, wai amarya ta fi son dodanni a kan waƙa da rawa. Ba ta damu ba. Bayan la'asar, idan an yi sa'a akwai wuta, sai ta shimfiɗa tabarma a falo, ta ajiye kwanon gyaɗa a tsakaninmu. Turancinta ya fi nawa nisa, saboda haka ita ke fassara mini, tana haɗawa da gyara: wannan zai yiwu, wannan ƙarya ce, a can sama babu iskar da za ta ɗauki ƙarar fashewa irin wannan.

Wata Asabar ana cikin kallo sai ta miƙa hannu ta tsayar da kaset ɗin.

"Baban Nana, ka lura da wani abu kuwa?"

Na ce ban lura ba.

"An ce mutanen duniya gaba ɗaya ne suka haɗu suka ƙera kumbon nan. To dubi fuskokin da ke ciki."

Na duba. Turawa ne reras, sai baƙin mutum guda ɗaya, ƙato, mai ɗaukar kaya. Ta ce in zuba ido, ba zai kai rabin fim ba. Bai kai ba kuwa. Shi dodon da ke cikin fim ɗin ya fara cinyewa. Mata biyu ne a ciki. Ɗaya aikinta ta maimaita abin da na'ura ta faɗa, ɗayar kuma ta yi ta ihu har a zo a cece ta.

"In dai wannan ce goben," in ji ta, "mu ina muka shiga? Ƙarewa muka yi kafin lokacin, ko kuwa gayyatar mu ce ba a yi ba?"

Na ce mata fim ne kawai, kuma kuɗinsu ne, labarinsu ne, wanda suka ga dama shi za su sa. Ta ce ta yarda, amma kaset ɗin ba a ƙasarsu ya tsaya ba, ga shi a falonmu, kuma gobe yana falon wasu, 'ya'yansu na zaune a gabansa baki buɗe. Daga ranar nan tsayar da kaset ya zama al'ada. Fim ɗin da ya kamata mu gama kafin magariba sai ya kai mu washegari. Ni kuwa na ɗauki abin a matsayin hira ce ta miji da mata, irin wadda ke sa gida ya yi daɗi. Ban san har cikin ranta abin yake ci ba sai da maganar wasan kwaikwayo ta taso.

Makarantarsu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata a haɗe. Wata shekara shugaban makarantar ya ce kowane kulob ya shirya abin da zai nuna ranar bikin raba kyaututtuka. Rakiya ce ke riƙe da kulob ɗin kimiyya. Ta tsara ɗan gajeren wasa: kumbo zai tashi daga Bauchi zuwa duniyar wata don a gyara wata na'ura mai gaya wa manoma lokacin saukar ruwa. A je, a sha wahala, a gyara, a dawo. Ta karanta wa yaran labarin, ta ce su raba wa kansu matsayi, ta tafi ɗakin malamai.

Da ta dawo ta tarar sun gama, suna ta murna. Sun zaɓi wanda ya fi kowa hasken fata ya zama kyaftin, kuma sun daka alli sun shafe masa fuska da shi, don ya yi kama da na gaske. Wanda ya fi kowa baƙi sun ba shi matsayin wanda zai mutu. A labarin da ta tsara babu wanda ya mutu. Su suka ƙara. 'Yan matan kuwa, ɗaya za ta riƙa kai shayi, sauran za su tsaya a ƙasa suna ɗaga hannu suna kuka. Ta tambaye su wa ya ce a yi haka. Suka amsa mata cikin fara'a cewa ai haka ake yi, Malama, dole baƙin ya mutu.

Ranar nan da na dawo daga ofis na same ta zaune a tsakar gida, ko mayafinta ba ta cire ba, abincin rana yana rufe yadda aka ajiye shi. Na zaci rasuwa aka yi. Ta ba ni labarin a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Da ta gama ta ce, "Babu Bature ko ɗaya a ajin nan, Baban Nana. Da hannunsu suka shafa allin, suna dariya." Maganar da na saba yi, cewa fim ne kawai, ranar nan na ga ba ta da wurin zama.

Washegari ta rushe rabon da suka yi. Ta ba wata yarinya mai suna Saratu matsayin kyaftin. Saratu baƙa ce, gajera, Kirista daga kudancin jihar nan. Mahaifinta direba ne a gidan wani babban ma'aikaci a unguwar manya ta Ji'are, suna zaune a ɗakunan baya na gidan. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a darasin Rakiya, amma ba ta magana a aji, don Hausarta irin ta wanda ya koya ce, takan ce wa mace "shi", yara su yi ta kwaikwayonta. Da farko ƙi ta yi. Ta ce, "Malama, za su yi mini dariya." Rakiya ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce za su yi, ki bari su gama, sannan ki ci gaba.

Shugaban makarantar bai ji daɗi ba. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai tsoron abin da manyan baƙi za su ce. Ya kira Rakiya ya ce a mayar da namiji kyaftin, don bai kamata a ga yarinya tana daka wa maza tsawa a gaban iyaye ba. Ya ce a yi wasan da Turanci, don Hausa ba ta dace da kumbo ba. Ya kawo maganar sutura. A kan sutura ta sauko. Aka ɗinka wa 'yan matan dogayen riguna, kowacce da ɗankwalinta. A kan kyaftin da harshe kuwa ta ce in ba haka ba a cire kulob ɗinta daga bikin. Sun kwashe kwanaki ana kai ruwa rana. Daga ƙarshe ya bari, amma ya tura wasan can ƙarshen shiri, lokacin da kowa ya san manyan baƙi sun tashi.

Tsakar gidanmu ta koma maƙera. Na yi ta jigilar kwalaye daga shagunan Gwallaga. Aka ari hulunan kwano daga wasu 'yan acaba, aka shafa musu farin fenti mai fita da ruwa. Ƙafafun na'urata ta awon fili su suka zama mazaunin madubin hangen taurari. Nana tana ƙarama a lokacin, ta shiga fenti har gashin kanta. Ban taɓa ganin Rakiya cikin farin ciki da fargaba a haɗe kamar makonnin nan ba.

Ranar bikin abin da ake tsammani shi ya faru. Ana gama raba lemo manyan baƙi suka miƙe, aka raka su. Cikin waɗanda suka tashi har da uban gidan mahaifin Saratu. Na ga mahaifin nata tsaye a bayan ɗakin taro cikin fararen kayan aiki, ya yi ta waiwaye yana kallon kumbon kwalin da ake turowa, sannan ya bi bayan mai gidansa da makullin mota a hannu. Bai ga ko ɗaya daga abin da 'yarsa ta yi ba.

Waɗanda suka rage iyaye mata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai. Saratu ta fito da hular kwano a ƙarƙashin hammata, ta tsaya a gaban maza huɗu da mata biyu, ta ce, "Kowa ya zauna a wurinshi, za mu tashi." Ɗakin ya tuntsire da dariya. Ba duka ce ta mugunta ba. Da yawansu ba su taɓa jin an tuƙa kumbo da Hausa ba, abin ya zo musu wani iri. Amma a cikin dariyar akwai masu kwaikwayon muryarta, na ji su da kunnena. Na dubi Rakiya a gefen dandamali, ta dunƙule bakin mayafinta a hannu. Saratu ba ta motsa ba. Ta tsaya har dariyar ta yi sanyi, sannan ta maimaita maganar, a hankali. Abokan tafiyarta suka zauna.

Ana tsakiyar tafiya wani fiffiken kumbon ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Wannan ba ya cikin shiri. Kafin a sake fashewa da dariya, Saratu ta juya ta umarci injiniyan jirgin ya fita ya gyara. Yaron, wanda dama shi ne aka so a kashe a rabon farko, ya sa hularsa, ya fita yana tafiya a hankali kamar mai iyo a iska, ya ɗaure fiffiken da igiya ya dawo. Nan aka ɓarke da tafi. Suka je wata, suka gyara na'urar, suka dawo su duka, babu wanda aka bari. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai sayar da goro, ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe da Hausa ma ana zuwa."

Da a fim ne, daga nan komai zai canza. Bai canza ba. Shekarar da ta biyo ba a ba kulob ɗin kimiyya wuri a bikin ba, aka ce lokaci ya yi kaɗan. Saratu ta gama makaranta, iyayenta suka koma garinsu, labarinta ya ɓace mana. Rakiya ta ci gaba da koyarwa har ciwon daji ya kwantar da ita. A watanninta na ƙarshe nakan sa mata tsofaffin finafinan nan, sai ta yi ta gyangyaɗi. Wani lokaci takan buɗe ido ta ɗaga yatsa alamar in tsayar, in na tsayar kuma sai ta manta abin da za ta ce.

'Yan shekaru bayan rasuwarta abubuwa suka fara juyawa a can inda ake yin finafinan. Nana ta riƙa turo mini su. Na ga baƙaƙen mata suna jagorancin kumbo. Na ga yarinya baƙa ita ce mai ƙera na'urorin da kowa ke dogaro da su. Na ga fim sukutum wanda baƙaƙe ne sarakai da masana da mayaƙa, Bature ɗaya ko biyu ne a gefe. Karon farko da na kalli irinsa, ni kaɗai a falon nan, wani wuri ya burge ni har na juya gefen hagu zan yi magana. A nan take zama. Na tsayar da fim ɗin, ban ƙarasa shi ba sai bayan kwanaki.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina me za ta ce. Na tabbata da farko za ta yi murna, har guɗa ma za ta iya yi, don ba ta iya ɓoye jin daɗi. Amma na san ba za ta kai ƙarshe ba tare da ta tsayar ba. Ina jin za ta ce Afirkan da aka nuna ɗin ta ina ce, da aka tsinto hula daga nan, zane daga can, aka haɗa gari guda wanda babu mai iya cewa nan ne garinmu? Za ta ce an ba mu fuska, amma har yanzu a can ake rubuta abin da bakin zai faɗa. Za ta lura cewa idan za a nuna mace mai ƙarfi sai an ba ta mashi ko bindiga, kamar ƙarfin mace bai ƙirguwa sai ta yi irin na maza. Ina mace irin ita kanta, mai mayafi, mai goyo, wadda ke warware lissafi tana tunanin cefane?

Kuma ba za ta tsaya a kan Turawa ba. Za ta juyo gida. Yanzu samari na fassara finafinan nan zuwa Hausa, ana sayarwa a waya. Na saurari wasu. Akwai gwanaye a cikinsu, amma sau da yawa da baƙin mutum ya fito sai mai fassarar ya laƙa masa sunan ba'a, da mace ta ba da umarni sai ya ce ga mai rawar kai nan. Finafinanmu na gida kuma, tauraruwa sai fara, ko ta halitta ko ta mai, baƙar kuwa 'yar aiki ce ko abar dariya. Ban kuma ga wanda ya ɗaga kai ya tambayi yadda Bauchi za ta kasance a zamanin jikokin jikokinmu ba. Ina jin wannan zai fi ɓata mata rai a kan duk abin da aka yi a waje.

Sai dai a nan ne kaɗaicin yake. Duk wannan ni nake faɗa, ba ita ba. Rakiyar gaske takan ba ni mamaki. Sai in shirya tsaf cewa za ta ƙi abu, ta so shi. In ɗauka za ta yaba, ta kushe, da hujjar da ban taɓa tunani ba. Wadda ke cikin kaina ba ta yin haka. Duk abin da na sa mata a baki shi take faɗa, ba ta musa mini. Akwai ranakun da nake jin zan ba da abu mai yawa don ta katse ni sau ɗaya ta ce, a'a, Baban Nana, ba haka ba ne.

A ƙarshen bara, wata ranar Lahadi bayan azahar, aka yi sallama a zaure. Na fito na ga wata mata gajera, cikin atamfa da ɗauri, riƙe da hannun wata budurwa ƙarama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ba ka gane ni ba. Saratu ce. Malama yana ciki?"

Ba ta ji rasuwar ba. Duk shekarun nan babu wanda ya gaya mata. Ni na faɗa mata, a tsaye a zaure, kuma da na furta kalmar sai na ji kamar ranar aka yi. Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da gefen zanenta, ta daɗe tana kuka, 'yarta na tsaye tana kallon ƙasa.

Da ta natsu na shigo da su na kawo ruwa. Ta ce tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a garinsu. Ba ta samu zuwa jami'a ba. Mahaifinta ya rasu, ƙanne sun rage a wuyanta. Sun shigo Bauchi ne don yarinyar za ta rubuta wata jarrabawa, sai ta ce ba za ta koma ba sai ta nuna wa Malama ita. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, ban je wata ba." Na ce na sani, babu wanda ya je a cikinmu.

Na tambaye ta ko tana tuna tafin da aka yi mata. Ta ce tafin bai zauna mata sosai ba. Abin da ya zauna shi ne lokacin da ake dariyar nan, ta saci kallon Malama don ta ga ko za ta yi mata alamar ta sauko. Ba ta yi ba. Kallonta kawai take yi, kamar mai jiran ta ƙarasa amsar da ta san ta iya. Ta ce har yau, idan likita ya raina sakamakon da ta fitar don ita ce ta fitar, takan bari ya gama, sannan ta maimaita.

Bayan tafiyarsu na yi ta auna abin da Rakiya ta bari. In da ma'aunin duniya ne, ba shi da yawa. Babu ginin da aka sa wa sunanta, babu littafi, ko hoton wasan nan ba mu da shi. Masu yin finafinan da ta yi ta gardama da su ba su san an yi ta ba, kuma canjin da suka yi ba don ita suka yi ba. Abin da na iya gani da idona shi ne mace guda a wani ƙaramin asibiti wadda ba a iya kora da dariya, da 'yar da take reno a kan haka. Ban san ko wannan ya isa ba. Na san dai ba a banza ta ƙi cin abinci ranar da yaran suka shafa alli ba.

Kafin su fita Saratu ta tambaye ni inda aka binne ta. Na kwatanta mata maƙabartar, na ce amma ko an je ba lalle a gane wurin ba, damuna ta sha wucewa a kai. Ta ce to ko a nan ma ya isa. Ta tsaya a bakin ƙofar falon, ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta irin tasu, ni kuma na ɗaga hannu na yi tawa. Yarinyar ta ce amin ga duka biyun. Na raka su bakin titi har suka sami keke, na tsaya ina kallo sai da ya sha kwana, sannan na dawo gida na rufe ƙofa.

Allah ya jiƙan Rakiya, ya haskaka makwancinta, ya sa tambayoyinta sun samu amsa a inda take.